Wane birni ya dace da matasan da za su yi tafiyar farko su kaɗai?

Tambaya: Ɗana mai shekara 17 da abokansa biyu, ɗaya sa'ansa, ɗaya mai shekara 16, sun gama jarrabawa. Suna so su je wani birni su yi hutun ƙarshen mako, daga Juma'a zuwa Lahadi, ba tare da wani babba ba. Ba su taɓa yin irin wannan tafiyar ba. A raina na amince, amma kowannensu da garin da yake ambata. Ta yaya za mu zaɓa?

Amsa: Hajiya, ki ajiye sunayen garuruwan tukuna. A aikina na shirya wa ɗalibai da iyalai tafiya, na lura ba a cika samun matsala daga garin kansa ba. Matsalar takan ɓullo ne a teburin karɓar baƙi na otal, ko a tasha bayan jirgin ƙarshe ya tashi. Saboda haka ni daga baya nake faro zaɓi: ina za su kwana, yaya za su dawo idan abu ya kwaɓe, sannan a zo kan abin da za su gani. Garin da ya dace da tafiyar farko shi ne wanda in yaro ya yi kuskure a cikinsa, gyaran ba zai yi wuya ba. Kuskuren kuwa sai sun yi shi, don dama shi ne rabin amfanin tafiyar.

Ki kuma riƙe wannan tun yanzu: duk wata doka da za ki duba, da shekarun ƙaraminsu za ki auna ta. Mai shekara 16 ɗin nan shi ne ma'aunin tafiyar baki ɗaya.

Batun wurin kwana shi ke kashe rabin jerin sunayen da suka kawo. A yawancin ƙasashen duniya, wanda bai kai shekara 18 ba yaro ne a idon doka, kamar yadda yarjejeniyar kare haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989 ta tsara. Kama ɗaki a otal kuwa yarjejeniya ce tsakanin mai otal da baƙo, kuma masu otal ba sa son ƙulla ta da wanda ba za su iya bi bashi ko su ɗora wa alhakin ɓarna ba. Shi ya sa mafi yawansu suke cewa dole a samu mai shekara 18 a cikin masu kwana a ɗakin. A Amurka ma otal-otal da dama sai mai shekara 21 suke ba wa makulli. Manhajar kama masauki ta Airbnb ita ma ba ta yarda wanda bai kai 18 ba ya buɗe asusu.

Inda tarkon yake shi ne, shafukan kama ɗaki na intanet ba kasafai suke tsayar da mutum a kan shekaru ba. Za ki saka katin bankinki, a cire kuɗi, a turo miki takardar tabbaci, hankalin kowa ya kwanta. Sai yaran sun isa da dare, ma'aikaci ya ce su kawo katin shaida, ya dubi ranar haihuwa, ya ce ka'ida ba ta yarda ba. A wannan lokacin takardar tabbacin ba ta da wani amfani. Ko da an wuce wannan, otal da yawa suna neman a nuna katin da aka biya kuɗin da shi, ko a riƙe wani abu a kan kati a matsayin jingina saboda ɓarna, alhali katin yana cikin jakarki a gida.

Mafita ta farko ita ce masaukan matasa. Wani malamin makaranta Bajamushe mai suna Richard Schirrmann ne ya kawo tunaninsu a 1909, aka buɗe na farko na dindindin a fadar Altena a Jamus a 1912, kuma dalilin kafa su ke nan: yara 'yan makaranta su samu wurin kwana mai aminci in sun fita ganin ƙasa. Har yau da yawa daga cikinsu suna karɓar masu shekara 16 da 17 in an kawo takardar amincewar iyaye. Amma kowanne da tsarinsa, akwai kuma masu ɗauke da sunan masaukin matasa alhali wuraren shagalin manya ne. Don haka ki rubuta musu imel, ki faɗi shekarun kowane yaro ƙarara, ki ce babu babba tare da su, ki tambaya ko za a karɓe su da kuma abin da za su nuna. Amsar da aka ba ki a waya ba ta isa ba, domin wanda ya amsa ba lallai ne shi ke bakin aiki ranar Juma'a ba. A rubuce za a ba ki, a buga a takarda, yaran su riƙe. Ki nemi ɗaki nasu su uku, maimakon babban ɗakin da ake haɗa mutum takwas ko goma da ba su san juna ba, kuma ki tabbata akwai ma'aikaci a bakin ƙofa dare da rana.

Mafita ta biyu, wadda matasa kan raina amma ni nake ganin darajarta, ita ce garin da kuke da ɗan'uwa ko aminin gida. Ba sai sun kwana a wurinsa ba. Kasancewar akwai babba guda da zai iya isa inda suke cikin rabin awa ta fi kowace manhaja. In garuruwa biyu suka yi kunnen doki a wurina, wanda yake da irin wannan mutumin shi ke cin gasa.

Sai hanya. Ga tafiyar farko na fi son jirgin ƙasa ko bas a kan jirgin sama, tafiyar awa biyu zuwa huɗu, kai tsaye babu sauyi a hanya. Dalilina ba tsoron jirgin sama ba ne. In yaro ya makara jirgin ƙasa ya tashi, yawanci akwai wani nan da awa ɗaya ko biyu. In jirgin sama ya bar shi, tikiti ya tafi, na gaba kuma wataƙila sai gobe, ga shi ba shi da shekarun kama ɗaki kusa da filin jirgi. Sannan ki yi lissafin lokaci. Hutun nan duka bai fi awa 48 ba. Tafiyar awa ɗaya a sama, in kin haɗa zuwa filin jirgi, da isa awa biyu kafin tashi, da layin bincike, da shiga gari bayan sauka, ta cinye awa biyar. Zuwa da dawowa awa goma ke nan. Tashar jirgin ƙasa kuwa galibi a tsakiyar gari take, suna fitowa sun iso.

Ma'aunin da nake ba iyaye a nan mai sauƙi ne: in an kira ki da rana an ce ɗayansu yana asibiti, za ki iya isa garin kafin dare? In ba za ki iya ba, wannan gari a bar shi sai tafiya ta biyu ko ta uku.

In dai jirgin sama ne dole, kowane kamfani da ka'idarsa. Ryanair da easyJet ba sa ɗaukar wanda bai kai shekara 16 ba shi kaɗai. British Airways daga shekara 14 yake bari. Manyan kamfanonin Amurka irin su Delta da United suna barin mai shekara 15 ya yi tafiya kamar babba. Yaranki sun tsallake waɗannan, amma ka'idoji suna sauyawa, sai a duba shafin kamfanin kafin a biya. Abin da ya fi shekaru cutar da matasa shi ne tikiti mai araha da ke sauke mutum a filin jirgin da ya ari sunan gari kawai. Filin jirgin Beauvais da ake liƙa wa sunan Faris yana da nisan kusan kilomita 85 daga birnin. Na Hahn da ake kira da sunan Farankfot ya kai kusan kilomita 120. Irin waɗannan jiragen kuma sukan sauka ne da tsakar dare ko su tashi da asubar fari. Araha ba ta ado. Ki kwatanta da Kofanhegan, babban birnin Denmark, inda jirgin ƙasa na cikin gari ke kai mutum tsakiyar birni daga filin jirgi cikin kamar minti 15, ko Amstadam inda daga filin jirgin Schiphol zuwa babbar tasha bai fi minti 20 ba. Wannan tazarar ta farko, lokacin da suka gaji, suke jan jaka, ba su san gabas da yamma ba, ita ce inda aka fi yi wa baƙo wayo.

Su isa da rana tsaka, ko aƙalla kafin magariba. Ranar Lahadi kuma kada a saya musu tikitin jirgin ƙarshe. A bar aƙalla jirage biyu a bayan wanda za su hau. A ƙasashe irin su Birtaniya ma Lahadi ce ranar da aka fi gyaran layin dogo, inda akan sauke fasinja a tsakiyar hanya a ce su hau bas, tafiyar ta ƙara tsawo.

Ko a tsallaka iyaka? Ni dai a karon farko zan ce a tsaya a cikin ƙasa. Akwai isasshen darasi a garin da ba ka sani ba, ko da yarenku ɗaya da kuɗinku ɗaya. In kuma kun yanke za su fita waje, to aikin takardu ya hau kanki da sauran iyayen. Ƙasashe da yawa suna son fasfo ya kasance da sauran wata shida kafin ya ƙare aiki. Ƙasashen Turai na yankin Shengen suna neman sauran wata uku bayan ranar fita. Jami'an shige da fice sukan tsananta tambaya ga yaron da ba ya tare da iyayensa saboda yaƙi da safarar yara. Afirka ta Kudu tana neman takardar amincewar iyaye da bayanin wanda zai karɓi yaron. Faransa ta dawo da dokar izinin fita a 2017, yaron da ke zaune a ƙasar ba ya fita ba tare da iyaye ba sai da takardar da ɗayansu ya sa wa hannu. Ko inda ba a wajabta ba, kowane yaro ya riƙe wasiƙar iyayensa mai ɗauke da ranakun tafiya, adireshin masauki, lambobin waya, da izinin a yi masa magani in buƙata ta taso. A haɗa da inshorar tafiya, a kuma karanta ko tana aiki ga yaron da ba ya tare da babba.

Yanzu a zo kan garin. Girman suna ba shi ne cancanta ba. Istanbul tana da mutum sama da miliyan 15, tana shimfiɗe a nahiyoyi biyu, babban filin jirginta kuma yana wajen gari da nisa. Birni ne mai ban sha'awa, amma kwana biyu a hannun sabon shiga za su ƙare a hanya. Edinbara ta Birtaniya kuwa mutanenta kusan rabin miliyan ne, tashar Waverley tana tsakiyarta, kuma yawancin abin da baƙo ya zo gani yana iya kai wa gare shi da ƙafa. Irin wannan fasalin nake nema a kowace ƙasa: matsakaicin birni, mai tsakiya guda ɗaya, wanda in ka ɓata ka miƙe na minti goma za ka faɗa wurin da ka gane. Akwai manyan biranen da girmansu bai hana su sauƙi ba. Singafo misali ce, don jirgin ƙasarta yana tafiya daga filin jirgi har cikin gari kuma alamominsa a bayyane suke. Amma in an zaɓi babban birni, to a sani unguwa aka zaɓa, ba garin duka ba. Masaukin da ke tsakiya, minti biyar daga tasha, a kan titi mai haske da jama'a, ya fi mai rahusa da ke can gefen gari, ko da za a rage kwana ɗaya don a iya biya.

Harshe ma abin dubawa ne. Matambayi ba ya ɓata, amma sai in ana jin tambayarsa. Aƙalla ɗaya daga cikinsu ya iya yi wa ɗan sanda ko mai sayar da magani bayani ba tare da waya ba.

A binciki ƙarfe nawa motocin haya da jiragen cikin gari suke tashi daga aiki. Na Niyok da na Kofanhegan suna kwana suna aiki. A Landan wasu layuka ne kawai ke kwana, su ma daren Juma'a da na Asabar. A Tokyo kuwa da an wuce sha biyun dare kaɗan an rufe sai asuba. Kada ki ce ai sai su kira mota ta waya: Uber ba ya ba wanda bai kai 18 ba asusun kansa, sai dai asusun matasa da iyaye ke buɗewa, shi ma ba a ko'ina yake aiki ba. Birane da dama a Amurka kuma suna da dokar hana yara zirga-zirga bayan ƙarfe goma ko sha ɗaya na dare, ɗan sanda yana iya tsayar da su don shekarunsu kawai.

Akwai wani abu da iyaye ba su cika kawowa a rai ba. Garin da ya yi suna saboda shagalin dare shi ne mafi muni ga ɗan shekara 16. Ba za a bar shi ya shiga wuraren ba, sai ya ƙare yana gararamba a bakin titi a daidai lokacin da titin ya fi haɗari. Ki tambaye su me za su je yi, ki saurari amsar da kyau. In sun ce wasan ƙwallo, ko gidan tarihi, ko gidan namun daji, ko ganin jami'ar da suke son shiga, tafiyar tana da ƙashin baya. In suka ce "yawo kawai", a koma a sake shiri. Abu guda babba a kowace rana ya isa, da tikitinsa a hannu, sauran lokacin a bar musu su yi yadda suka ga dama. Ƙarancin shekarunsu ma yana da riba a nan: gidan tarihi na Louvre a Faris ba ya karɓar kuɗin shiga daga wanda bai kai 18 ba in ya nuna shaida, sannan British Museum a Landan da gidajen tarihin Smithsonian a Washintan kyauta suke ga kowa. A duba kalandar garin kuma. Edinbarar da na yaba, a watan Agusta cika take maƙil saboda bukukuwanta, samun gado sai an sha wuya. Haka Munik take daga ƙarshen Satumba zuwa farkon Oktoba. A Jamus galibin shaguna a rufe suke ranar Lahadi, wanda ya bar sayayya sai ranar komawa ya yi asara.

Garin bakin teku ko mai babban kogi yana buƙatar magana ta musamman. Iyaye sukan ji tsoron ɓarayi da baƙin fuska, amma ruwa da titi su ne suka fi cin matasa. A yi yarjejeniya: ba iyo sai inda akwai masu ceto, ba hayar babur ko keken lantarki.

Dalilin da ya sa nake nacewa a kan wannan shi ne, ɗanki mai hankali a gida ba shi ne ɗanki a tsakiyar abokai ba. Masanin halayyar matasa Laurence Steinberg na Jami'ar Temple a Amurka da abokan aikinsa sun gwada hakan da wasan tuƙin mota a kwamfuta, suka ga matasa suna ƙara kasada sosai in sa'o'insu suna kallo, alhali manya ba su sauya ba. Wannan ba rashin tarbiyya ba ne, yanayin shekarun ne. Saboda haka abokan tafiya suna da nauyi daidai da garin. Mutum uku adadi ne mai kyau, don in ɗaya ya ji ciwo, ɗaya ya zauna da shi, ɗaya ya nemo taimako. Aibinsa shi ne biyu kan haɗe kai su bar ɗaya. Doka guda da ba ta da sassauci: ba a rabuwa, ko an yi faɗa, tare ake komawa masauki. Ku iyayen uku kuma ku zauna ku yi magana, kowa ya san abin da aka yarda da shi, a kuma daidaita guzurin da za a ba su. Yaron da aljihunsa ya fi na sauran sauƙi ba zai faɗa ba, sai dai ya ƙi cin abinci ko ya ce zai taka da ƙafa.

Waya ita ce taswirarsu, tikitinsu, kuɗinsu, da hanyar kiranki, duk a abu guda da kan faɗi ko a fizge. Kowa ya sauke taswirar garin a Google Maps don ta yi aiki ko babu data. Kowa ya riƙe takarda mai adireshin masauki da lambobin iyaye, a aljihun da ba na waya ba, domin matasan yanzu kaɗan ne suka haddace ko da lamba ɗaya. Batirin ajiya na caji ya kasance a jakar hannu, don kamfanonin jiragen sama ba sa yarda a saka shi a kayan da ake aunawa. Kuɗi a raba su gida biyu, kati da tsaba, ba a wuri ɗaya ba. Su san lambar gaggawa: 112 a ƙasashen Tarayyar Turai, 999 a Birtaniya, 911 a Amurka da Kanada, sauran ƙasashe a duba kafin tashi.

Game da bibiya, ki yi haƙuri da abin da zan faɗa. WhatsApp yana bari a nuna inda mutum yake har na awa takwas, kuma yana da amfani a hanyar zuwa da dawowa. Amma in kika zauna kina kallon ɗigon da ke nuna inda suke a taswira yini guda, kina kira duk sanda ya tsaya, to ba su yi tafiya su kaɗai ba, kuma za su koyi kashe waya. Saƙo biyu a rana sun wadatar, ɗaya da safe, ɗaya in sun shiga ɗaki da dare, a ƙarfen da aka yanke. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne ki ce wa ɗanki, a gaban abokansa, duk abin da ya faru, ko laifinsu ne, ya kira, faɗa sai an dawo gida. Yaron da ke tsoron faɗa yakan ɓoye ƙaramar matsala har ta girma.

Yadda za ku yanke hukunci kuwa, kada ki zaɓa musu. Tunda kowa da garinsa, kowa ya je ya kawo hujja: masaukin da ya amsa a rubuce cewa zai karɓi mai shekara 16, lokutan tashi da dawowa, hanya daga tasha zuwa masauki, abin da za a yi Asabar, jimillar kuɗi, da abin da za su yi in jirgin dawowa ya bar su. Wanda ya kasa kawo amsa, garinsa ya faɗi da kansa, ba ke kika kayar da shi ba. Za ki kuma gane daga nan wanene a cikinsu zai riƙe tikiti. In duka ukun suka kasa, ko babu masaukin da ya amince, sai a fara da tafiyar yini guda, a tafi da sassafe a dawo da yamma, kwanan kuma a ɗaga zuwa hutu na gaba.

Ana gobe tafiya, ɗanki da kansa ya kira masaukin kina zaune a gefe, ya sake faɗin shekarunsu da lokacin isowarsu, ya tambayi sunan wanda zai kasance a bakin aiki da yammacin Juma'a, ya rubuta shi a jikin takardar amsar da aka buga.